Yadda ake daidaita kanel ɗin Linux ya dace da na'urar da ke hannunka

Kanel, ba Kanal na soja ba, shi ne ke tsakanin shirye-shiryen da kake taɓawa da ƙarafan da ke cikin na'ura. Shi ke magana da faifai, da katin Wi-Fi, da allo, da batir. Linus Torvalds ya fara na Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma yau daga tushe ɗaya ake gina wanda ke tashi a laftof, da wayar Android, da ɗan allon Raspberry Pi, wato ƙaramar kwamfuta da ke kan allo guda. Abin da ke bambanta su fayil guda ne mai suna `.config`, mai ɗauke da dubban zaɓuɓɓuka. Duk aikin da za mu yi a kan wannan fayil yake.

Idan Ubuntu ko Debian ɗinka na tafiya lafiya, babu wanda ya ɗora maka wannan wahala. Ana shiga cikinta ne idan akwai na'urar da kanel ɗin da aka ba ka bai gane ba, ko kana haɗa wani abu da Raspberry Pi, ko kuma kana son koyo. Ni ta ƙofar koyo na shiga, da wata tsohuwar ThinkPad ta hannu, kuma yawancin gargaɗin da ke ƙasa sai da suka faru da ni kafin na san su.

Kayan aiki

Kwamfuta mai Debian, Ubuntu ko danginsu. Fili a faifai: idan ka rage zaɓuɓɓuka yadda zan nuna, GB 10 ya wadatar, amma ginin da ba a rage komai ba yana iya cinye fiye da GB 20. Data: dunƙulen tushen kanel kusan MB 140 ne, kayan gini kuma su ma suna cin nasu. Filash mai ɗauke da Linux da ke tashi da kanta, don ranar da kwamfuta ta ƙi kunnuwa. Cikakken caji. Sai littafi da biro, da gaske nake, domin sa'ad da allo ya tsaya cak da saƙon kuskure babu inda za ka kwafe shi sai takarda ko hoton waya.

Kayan ginin kuwa layi ɗaya ne:

`sudo apt install build-essential libncurses-dev bison flex bc libssl-dev libelf-dev dwarves rsync cpio debhelper git`

Idan daga baya gini ya yi ƙorafin wani abu ya ɓace, sunansa na cikin saƙon, sai ka girka shi ka ci gaba.

1. Tambayi na'urar abin da ke cikinta

Kada ka dogara da takardar da ke manne a jikin laftof ko abin da mai shago ya faɗa. Kwamfutocin hannu sau da yawa an sauya musu katin Wi-Fi ko faifai kafin su iso gare ka. Buga waɗannan, ka adana amsarsu:

`lscpu`
`lspci -nnk > pci.txt`
`lsusb > usb.txt`
`lsblk -f`
`lsmod > lsmod.txt`

Na biyun shi ne uwa uba. A ƙarƙashin yawancin na'urorin akwai layin da ya fara da `Kernel driver in use`, sunan da ke gabansa shi ne direban da za ka nema daga baya, wato ɓangaren kanel da ke sarrafa wannan na'ura. Lambobin da ke ƙarshen layin sunan na'urar kuma suna tona asirin kamfani: 8086 Intel ne, 10ec Realtek, 168c Atheros, 14e4 Broadcom, 1002 AMD, 10de Nvidia. `lsblk -f` zai nuna maka irin faifan da tsarin ke zaune a kai, `sda` ne ko `nvme0n1` ko `mmcblk0`, da tsarin fayilolinsa, wanda galibi ext4 ne. Rubuta waɗannan biyun a littafi, za mu dawo kansu.

2. Sauke tushen kanel

Je kernel.org ka ɗauki wanda aka rubuta wa `longterm`, wato mai dogon kulawa. Irinsu su ne 6.1 na Disamba 2022, da 6.6 na Oktoba 2023, da 6.12 na Nuwamba 2024. Debian 12 da 6.1 take tafiya, Debian 13 da 6.12. Mai farawa ya zaɓi wanda ya yi daidai da abin da `uname -r` ya nuna masa ko ya ɗan ɗara shi, saboda sababbin tambayoyin da za a yi masa ba za su yi yawa ba.

`tar xf linux-6.12*.tar.xz`
`cd linux-6.12*/`

Ka yi wannan a cikin foldarka ta gida, ba da `sudo` ba. Ba a buƙatar ikon shugaba sai wajen girkawa.

3. Samo `.config` na farawa

Babban kuskuren mai zumuɗi shi ne ya buɗe jerin zaɓuɓɓuka daga fanko ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba ya ƙarewa, kuma abin da ya gina ba ya tashi. Daga wanda ke aiki ake farawa:

`cp /boot/config-$(uname -r) .config`
`make olddefconfig`

Layi na biyu yana cike zaɓuɓɓukan da suka shigo sabo da amsarsu ta asali. Idan babu fayil ɗin a `/boot`, gwada `zcat /proc/config.gz > .config`, wasu tsare-tsaren irin su Arch can suke ajiye shi. Idan duka biyun babu, `make defconfig` zai ba ka matsakaicin zubi, sai dai za ka ƙara abubuwa da yawa da hannunka.

Zubin Debian ko Ubuntu an yi shi ne don ya tashi a kowace kwamfuta a duniya, shi ya sa yake ɗauke da dubban direbobin da ba za ka taɓa gani ba. A tsohuwar laftof mai furosesa ƙwaya biyu gininsa kan cinye mini rabin yini. Maganinsa:

`yes "" | make localmodconfig`

Wannan yana duba direbobin da ke aiki a daidai wannan lokaci, ya kashe sauran. Ka lura da maganar "daidai wannan lokaci", domin nan tarkon yake. Karona na farko na yi shi ba tare da na jona komai ba. Kanel ya ginu cikin ƙasa da awa guda, ya tashi fes, ina ta murna. Da na ɗauko waya na jona ta da kebul don in shiga intanet, kamar yadda na saba tunda babu Wi-Fi a gidan, sai kwamfuta ta yi kamar ba ta san an yi ba. Na sa filash, shiru. Duk an share direbobinsu, saboda ba sa nan lokacin da aka kira suna. Don haka kafin ka buga layin nan, jona duk abin da kake amfani da shi: filash, waya tare da kunna raba intanet ta kebul, modem, firinta, memori a raminsa, sannan ka kunna Bluetooth da kyamara ko sau ɗaya.

Idan wata kwamfuta kake ginawa, misali ƙaramar da ba za ta iya ginin da kanta ba, kwaso `lsmod.txt` ɗinta da `config` ɗinta ka yi `make LSMOD=/hanya/lsmod.txt localmodconfig` a kan babbar.

Sai gyara biyu da ke hana ciwon kai. Zubin Ubuntu da na Debian suna nuni ga takardun shaidar da babu su a tushen da ka sauke, gini sai ya yi nisa sannan ya tsaya da `No rule to make target`. Share su tun yanzu, ka kuma raɗa wa kanel ɗinka suna:

`scripts/config --set-str SYSTEM_TRUSTED_KEYS ""`
`scripts/config --set-str SYSTEM_REVOCATION_KEYS ""`
`scripts/config --set-str LOCALVERSION "-gwaji1"`

Sunan nan ba ado ba ne. Shi ke hana sabon kanel hawa kan direbobin tsoho, kuma duk gini sai ka ƙara lambar.

4. Shiga jerin zaɓuɓɓuka, ka gane y da m da n

`make menuconfig`

Allo mai shuɗi zai fito. Kada ka tsaya yawo cikinsa. Danna `/`, rubuta sunan abin da kake nema, misali `AHCI`, zai nuna maka inda yake da abin da ya dogara a kai, kuma idan ka danna lambar da ke gefensa zai kai ka wurin kai tsaye. `?` yana ba da bayani. Idan ka nemi zaɓi ka ga sunansa amma ka rasa shi a jeri, duba layin `Depends on`: akwai wani abu a can da ke kashe, sai ka kunna shi tukuna.

Kowane direba amsa uku yake karɓa. `y` na nufin a gina shi cikin jikin kanel, yana nan tun daga daƙiƙar farko. `m` na nufin a yi shi mojul, ɗan fayil da ke zaune a faifai ana ɗauko shi idan an buƙata. `n` a bar shi. Ƙa'ida biyu nake bi, kuma su ne rabin sana'ar.

Ta farko: duk abin da kanel ke buƙata kafin ya isa faifan da tsarin ke kai, a sa masa `y`. Dalili a fili yake. Idan direban faifai mojul ne, to yana cikin faifan da ba a iya buɗewa sai da shi, makulli ya kulle kansa a ɗaki. Debian da Ubuntu suna kauce wa wannan da ɗan ƙunshin da ake kira initramfs, wanda ke tashi tare da kanel ɗauke da muhimman mojul. Yana aiki, amma ni ban cika son rataya komai a wuyansa ba.

Ta biyu kishiyar ta farko ce: duk direban da ke buƙatar famwe, wato ɗan shirin da kamfani ke bayarwa a loda cikin na'urar kanta, a bar shi `m`. Katunan Wi-Fi na Intel da katunan hoto na AMD suna cikin wannan sahu. Idan ka sa musu `y`, za su farka da wuri su nemi famwe a `/lib/firmware` alhali ba a buɗe faifai ba, su rasa, su koma barci. Mutum ya yi ta mamakin yadda ya kunna direba amma Wi-Fi babu.

Kafin ka fita, shiga `Kernel hacking`, sannan `Compile-time checks and compiler options`, sannan `Debug information`, ka zaɓi `Disable debug information`. Wannan kaɗai yana rage fili da lokaci sosai.

5. Zaɓuɓɓukan laftof da kwamfutar tebur

Koma littafinka. Idan faifanka `sda` ne, kana buƙatar `SATA_AHCI` da `BLK_DEV_SD`. Na biyun ne ake yawan mantawa, domin yana ɓoye ƙarƙashin sashen SCSI kuma mutum na ganin ba shi da irin wannan faifai. Tsofaffin kwamfutocin Intel da aka saita BIOS ɗinsu kan IDE suna son `ATA_PIIX`. Idan `nvme0n1` ne, `BLK_DEV_NVME`, kuma wasu sababbin laftof na Intel sai an haɗa da `VMD` kafin faifan ya bayyana. Idan `mmcblk0` ne, irin na ƙananan laftof masu GB 32 ko 64, `MMC_BLOCK` da `MMC_SDHCI_ACPI` ko `MMC_SDHCI_PCI`. Sai `EXT4_FS`. Duka `y`. Kwamfuta mai UEFI, wato magajin BIOS a sababbin kwamfutoci, ta ƙara da `EFI`, `EFI_PARTITION`, `VFAT_FS`, `NLS_CODEPAGE_437` da `NLS_ISO8859_1`. Kada ka taɓa `BLK_DEV_INITRD` da `DEVTMPFS`, a kunne ake barinsu.

Hoto: `DRM_I915` ga yawancin Intel, `DRM_AMDGPU` ga sababbin AMD, `DRM_RADEON` ga tsofaffi, `DRM_NOUVEAU` ga Nvidia. Wi-Fi na Intel kuwa `IWLWIFI` shi kaɗai bai isa ba, yana da 'ya'ya biyu: `IWLDVM` na tsofaffin katuna irin 6205 da ke cikin ThinkPad T420 da X230, `IWLMVM` na 7260 zuwa sama. Idan kana shakka kunna duka biyun. Kebul ɗin intanet galibi `E1000E` ne ko `R8169`. Sauti `SND_HDA_INTEL` tare da direban ƙwayar sautin, wadda sau da yawa ta Realtek ce. Maɓallan haske da ƙarar murya suna hannun `THINKPAD_ACPI`, `HP_WMI` ko `DELL_LAPTOP`, gwargwadon kamfanin.

Akwai waɗanda nake kunnawa a kowace kwamfuta ko da `localmodconfig` ya kashe su, saboda yadda muke aiki a nan. Raba intanet daga wayar Android: `USB_NET_RNDIS_HOST`, `USB_NET_CDCETHER` da `USB_NET_CDC_NCM`. Daga iPhone: `USB_IPHETH`. Modem mai layin waya: `USB_SERIAL_OPTION`, `USB_NET_QMI_WWAN` da `USB_NET_HUAWEI_CDC_NCM`. Filash da faifan abokai masu Windows: `USB_STORAGE`, `EXFAT_FS`, da `NTFS3_FS` wanda ya shigo a 5.15. Kwamfuta mai RAM GB 4 ko ƙasa kuma ta samu `ZRAM`, wanda ke matse bayanai a cikin RAM maimakon jibge su a faifai. A Debian sai ka girka `zram-tools` ya kunna shi.

Za ka ga mutane a intanet suna cika baki kan sauya `HZ` zuwa 1000 ko zaɓen ainihin jinsin furosesa. Na gwada, ban ga bambancin da ido zai kama ba. Ka bar su yadda ka same su.

6. Gini da girkawa

`make -j$(nproc) bindeb-pkg`

Wannan yana fitar da fayilolin `.deb` a foldar da ke sama. Na fi son haka a kan `make install`, domin cirewa daga baya layi ɗaya ne. A watan Afrilu, da zafin nan namu, tsohuwar laftof na iya kashe kanta idan duk ƙwayoyinta na aiki. Sa `-j2`, ka ɗaga ta daga kan katifa ko darduma ka ɗora kan tebur. Idan wuta ta ɗauke ana cikin gini kada ka damu, `make` ba ya sake abin da ya riga ya gama. Lokacin girkawa ne ba a son yankewa, don haka sai batir na da rai:

`sudo dpkg -i ../linux-image-*gwaji1*.deb`

Duba `mokutil --sb-state` kafin ka sake kunnawa. Idan Secure Boot a kunne yake, kanel ɗinka marar sa hannu ba zai tashi ba, sai ka kashe shi a saitin UEFI. Wajen kunnawa riƙe Shift, ko ka danna Esc a mai UEFI, don jerin GRUB, inda ake zaɓen kanel ɗin da zai tashi, ya fito. Tsoho da sabo duk suna ƙarƙashin `Advanced options`. Tsohon kanel kuwa kada ka goge shi, ko sabon ya yi wata guda yana aiki. Don an ga hadari ba a zubar da ruwan randa.

7. Raspberry Pi da sauran allunan ARM

Nan lissafi ya sauya. Kwamfutar tebur tana gabatar da kanta: ACPI da PCI suna sanar da kanel abin da ke jone. A kan allon ARM, yawancin ƙananan na'urori da ke kan layukan I2C da SPI ba sa iya faɗin sunansu. Sai an ba kanel taswira daban, fayilolin `.dtb`, abin da za mu iya kira bishiyar na'urori. Ke nan abu biyu ake buƙata kullum: direba a `.config`, da ambaton na'urar a bishiya. Ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya.

Ana iya gini a kan Pi ɗin kansa, amma jira ne mai tsawo. Gara a gina a laftof:

`sudo apt install crossbuild-essential-arm64`
`git clone --depth=1 https://github.com/raspberrypi/linux`
`cd linux`
`export ARCH=arm64 CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu-`
`make bcm2711_defconfig`

`--depth=1` ɗin nan ba ƙaramin data yake ceto ba, domin yana hana sauke tarihin shekaru. `bcm2711_defconfig` na Pi 3, Pi 4 da Zero 2 W ne a tsarin bit 64. Pi 5 nasa `bcm2712_defconfig`, mai shafin ƙwaƙwalwa KB 16 maimakon 4; idan wani shiri ya ƙi aiki saboda haka, kanel ɗin `bcm2711` ma yana tashi a Pi 5. Pi 1 da Zero na farko bit 32 ne, nasu `bcmrpi_defconfig` da `ARCH=arm`.

Ga inda na taɓa ɓarar da aikin yini guda. Na rufe tagar umarni na buɗe sabuwa, na buga `make menuconfig`, na adana. Layin `export` ya tafi da tsohuwar taga, saboda haka aka mayar da `.config` ɗina na x86 ba tare da an ce mini uffan ba. Tun daga ranar nake duba saman allon shuɗin nan: idan ban ga `arm64` ba, fita nake ba tare da adanawa ba.

Misalin da ya fi amfani a wurinmu shi ne agogo. Pi 4 da waɗanda suka gabace shi ba su da agogo mai batir, duk sa'ad da wuta ta ɗauke kuma babu intanet, lokaci ya rikice. Ɗan allon DS3231 na magance haka. Direbansa `RTC_DRV_DS1307` ne, kada sunan ya ruɗe ka. Ɓangaren bishiya kuma layi biyu ne a `config.txt`, fayil ɗin saitin Pi da ke ƙaramin ɓangaren memorinsa: `dtparam=i2c_arm=on` da `dtoverlay=i2c-rtc,ds3231`. Pi 5 ya zo da nasa agogon, batir kawai yake nema.

`make -j4 Image modules dtbs`

Sa memorin Pi a laftof, ka ɗaura ƙaramin ɓangaren a `mnt/boot`, babban a `mnt/root`. Kwafe duk abin da ke `mnt/boot` zuwa wani wuri tukuna. Sannan:

`sudo make ARCH=arm64 CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu- INSTALL_MOD_PATH=mnt/root modules_install`
`sudo cp arch/arm64/boot/Image mnt/boot/kanel-nawa.img`
`sudo cp arch/arm64/boot/dts/broadcom/*.dtb mnt/boot/`
`sudo cp arch/arm64/boot/dts/overlays/*.dtb* mnt/boot/overlays/`

Na maimaita `ARCH` a layin farko da gangan, domin `sudo` ba ya tafiya da abin da ka yi wa `export`. Kuma idan ka manta `INSTALL_MOD_PATH`, mojul ɗin ARM za su zube cikin laftof ɗinka. A ƙarshe ƙara `kernel=kanel-nawa.img` a `config.txt`. Idan Pi ya ƙi tashi, ciro memori, goge layin nan, ka mayar da fayilolin `.dtb` da ka adana.

Allunan Allwinner da Rockchip, irin su Orange Pi, `make defconfig` na arm64 ya ƙunshi `ARCH_SUNXI` da `ARCH_ROCKCHIP`, amma galibi ta U-Boot, wani shirin tayar da kanel, suke tashi, kuma kowane allo da nasa `.dtb`. A kansu kebul ɗin USB zuwa TTL mai bolt 3.3 ya zama dole, domin sau da yawa ta nan kaɗai za ka ga abin da ke faruwa.

8. Kwamfutar cikin kwamfuta

Wannan ce mafi sauƙi. Ga KVM ko QEMU, masu tafiyar da kwamfuta a cikin wata kwamfutar, `make defconfig` sannan `make kvm_guest.config`. Tabbatar `VIRTIO_PCI`, `VIRTIO_BLK`, `SCSI_VIRTIO` da `VIRTIO_NET` duk `y` ne. Wi-Fi, sauti da batir babu ruwanka da su.

9. Idan ya ƙi

`VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)` na nufin kanel bai ga faifai ba sam, koma mataki na 5 ka duba direban faifai da `BLK_DEV_SD`. Idan lambobin ba sifili ba ne, ya ga faifan amma bai iya karanta tsarin fayilolinsa ba. Idan allo ya yi baƙi amma fanka na juyawa, matsalar hoto ce: a GRUB danna `e`, ƙara `nomodeset` a ƙarshen layin da ya fara da `linux`, ka shiga ka bincika. Idan ya tashi amma wani abu ba ya aiki, `sudo dmesg | grep -i firmware` kan fallasa famwen da ya ɓace, wanda ke cikin `linux-firmware` a Ubuntu, ko irin su `firmware-iwlwifi` a Debian. Sai ka sake buga `lspci -nnk` ka jera shi da `pci.txt` na farko. Na'urar da ta rasa layin direba ita ce mai laifi.

Ka riƙa sauya abu kaɗan kaɗan tsakanin gini da gini, in ba haka ba ba za ka san wanne ya ɓata ba. `scripts/diffconfig tsoho sabo` yana nuna abin da ya bambanta tsakanin zubi biyu. Wanda ya lalace, tashi da tsohon kanel ka cire shi da `sudo apt remove` da cikakken sunansa. Wanda ya yi daidai kuma, buga `make savedefconfig`. Zai ba ka gajeren fayil mai suna `defconfig` da ke ɗauke da abin da ya saɓa wa asali kawai. Sa masa sunan na'urar da lambar kanel, kamar `t420-6.12`, ka ajiye a filash. Ranar da sabon kanel ya fito, kwafe wannan fayil ɗin da ka ajiye a matsayin `.config`, ka buga `make olddefconfig`, ka wuce mataki na 6 kai tsaye.